Ƙaramar laftof da rikicin sunayen furosesa

Da zarar sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu sun fito, a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ne ko Kwalejin Hassan Usman ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wayata ba ta ƙara hutawa. Sana'ata buga takardu da furojet ɗin ɗalibai ce, a wani ɗan shago da ke wajejen Ƙofar Ƙaura, amma tun da aka ga ina kwance kwamfutocin shagon ina gyarawa da kaina, dangi da maƙwabta suka naɗa ni mai ba da shawara, ba ko sisi. Saƙon kusan iri ɗaya ne: hoton 'yar ƙaramar laftof mai inci 11 ko 13, hoton sitikar da ke kusa da kibod, sai tambaya, "Yaya, wannan za ta yi?" Amsata ma ba ta canzawa: sitika ba ta isa ba, a turo mini cikakkiyar lambar furosesa, wato guntun da ke zaman ƙwaƙwalwar kwamfuta, har da harafin da ke jikinta. "Celeron" kawai, ko "Pentium", kai ko da "i7" ne, bai gaya mini komai ba.

Dalili kuwa shi ne ƙananan furosesa na kamfanin Intel 'yan gida biyu ne. Akwai waɗanda tun daga zanen farko aka yi su don su ci wuta kaɗan kuma su yi araha, kakansu shi ne Atom. Akwai kuma waɗanda asalinsu manya ne, 'yan gidan Core, sai aka rage musu wuta don su iya zama cikin siririyar kwamfuta. Na farkon jaki ne, cinsa kaɗan, tafiyarsa kuma ke nan ko ka yi ta tsuki. Na biyun doki ne da aka rage wa harawa: idan ka matsa masa zai yi sukuwa, sai dai ba zai daɗe yana yi ba. Inda ake rikita mai saye shi ne sunayen Celeron da Pentium an liƙa su a kan 'yan gidajen biyu duka.

Waɗanda suka yi wayo da kwamfuta wajen 2009 zuwa 2012 ba za su manta da HP Mini da Acer Aspire One ba. Malamin makaranta ya saka ta a aljihun jaka, ya soka mata modem, shi ke nan ya shiga duniya. Kamfanin Asus ne ya buɗe wannan kasuwa a 2007 da Eee PC mai fuska inci 7, sai a 2008 Intel ta fito da Atom N270: kai ɗaya (wato sashe ɗaya tak mai yin aiki a cikinta), gudu 1.6GHz, zafin da take fitarwa bai wuce wat 2.5 ba. Abin mamaki ne a lokacin. Abin dariyar shi ne ɗayan guntun da ke kan bod (allon cikin kwamfuta), wanda ke kula da hoto da ram (inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi), ya fi ita furosesar kanta cin wuta, sai da N450 ta zo a farkon 2010 aka haɗe su wuri ɗaya. Da yawa daga cikin waɗannan ƙananan laftof sun zo da Windows 7 Starter, wadda ko hoton bangon fuska ba ta yarda ka canza. Na sha ganin matasa suna neman dabarar ɗora hoton budurwa ko na ɗan ƙwallo, abin ya gagara.

Sanyin jikin Atom na farko ba daga lambar gudu ya zo ba, daga yadda take ɗaukar aiki ne. Umarni na zuwa mata a jere, kuma a jeren take yin su. Idan na gaba yana jiran a kawo masa bayani daga ram, duk na bayansa sai su tsaya cik, ko da ba abin da ya haɗa su da shi. Ita kuwa Core leƙa layin take yi, ta tsamo waɗanda suka shirya ta gama da su kafin mai jiran ya samu abinsa. Wannan leƙen yana cin wuta kuma yana cin wuri a jikin furosesa, shi ya sa aka cire shi daga Atom da gangan. Sai a 2013 aka dawo mata da shi.

Har gobe akwai irin waɗannan tsofaffin a kasuwa, an goge su sun yi fes. Ban ba kowa shawarar ya taɓa su ba, ko don yaro ya koyi buga rubutu ne. Yawancinsu ba sa ɗaukar ram fiye da 2GB, N270 ba ta ma iya ɗaukar Windows mai bit 64, Chrome kuma ta daina sabunta kanta a kan Windows 7 tun farkon 2023. N2600 da N2800 sun fi muni ta wani fannin, don ɓangaren hotonsu ba na Intel ba ne na asali, direbansa kuma, wato manhajar da ke sa shi aiki, bai taɓa zama daidai a kan wani abu da ya wuce Windows 7 ba.

Daga 2013 ne sunan Atom ya fara ɓuya. A kan tablet da ƙananan kwamfutoci masu rabuwa biyu an bar shi, kamar Z3735F da x5-Z8350. A kan laftof kuwa sai aka sa masa rigar Celeron da Pentium, aka maƙala harafin N a gaban lamba. N2840 da ke cikin HP Stream 11 ta 2014, N3050 da N3060 na wajen 2015 da 2016, N3350 ta 2016, N4000 ta ƙarshen 2017, N4020 ta 2019, N4500 ta 2021, duk jikokin Atom ne, kuma duk waɗannan da na lissafa kai biyu gare su. Kusan kowane zubi, wato rukunin da aka fitar a lokaci ɗaya, yana da yayarsa mai kai huɗu: N3450, N4100, N4120, N5100, da Pentium irin su N4200 da N5030 da N6000. Bambancin kuɗin da ke tsakanin mai kai biyu da mai kai huɗu sau da yawa bai taka kara ya karya ba, amma a wajen aiki ana jinsa sosai. Windows kanta, idan ta tashi sabunta kanta ko binciken ƙwayar cuta a ɓoye, tana iya cinye kai guda. A kan N4020 saura ɗaya ke nan ya rage maka, kai da Word da shafukan Chrome ɗinka.

Ni inda na ja layi shi ne N4000. Abin da ke ƙasa da ita, ko kyauta aka ba ɗalibi sai na ji tausayinsa. Na taɓa karɓar aikin gyara furojet a kan wata mai N3060, mai ita ta ce a yi a kan tata don kada rubutun ya wargaje. Shafi kusan ɗari ne da teburori. Kana danna harafi, sai ka ɗan jira kafin ya bayyana. Ita ta saba, har ta ɗauka haka kowace kwamfuta take.

Akwai kuma wasu Celeron ɗin da ba su da N a gaba, U gare su a baya: 2955U, 3855U, 3865U, 4205U. Waɗannan 'yan gidan Core ne da aka datse wa wasu abubuwa, aka hana su ƙara gudu idan aiki ya yi nauyi. Haka Pentium: tun daga 2017 Intel ta raba ta biyu, Silver da Gold. Silver jinin Atom ce, Gold jinin Core, kamar 4415U da 7505. Mai shago ba lallai ne ya san wannan ba, kuma ba na ganin laifinsa, shi ma sitikar ya karanta.

Lambar gudu ma tana yaudara. A takarda N4020 tana kaiwa 2.8GHz, ita kuwa i5-5200U ta 2015 iyakarta 2.7GHz. Wanda ya tsaya a nan zai ce sabuwar ta fi. Amma a kowane bugu ɗaya Core tana kammala aiki fiye da jikar Atom, kuma kowane kai nata yana iya riƙe layin aiki biyu lokaci guda, abin da N4020 ba ta yi. Ka ɗora su a tebur ɗaya, ka buɗe Excel mai nauyi, ba sai an gaya maka wace ce wace ba.

A 2023 Intel ta ajiye sunayen Celeron da Pentium a kan sababbin laftof, ta koma cewa N100, N200 kawai. A nan dole in sassauta harshe, don N100 ba irin na baya ba ce. Kai huɗu gare ta, tana kaiwa 3.4GHz, zafinta wat 6, ƙarfin kowane kai nata kuma ya kusa kamo na Core ɗin wajen 2015. Ƙaramin kan da ke cikinta shi ne Intel ta fara haɗawa da manyan kawuna a cikin Core daga zubi na 12. Wato gidajen biyu yanzu sun haɗu a furosesa ɗaya. Idan aka ce maka i5-1235U kai goma gare ta, ba ƙarya aka yi maka ba, amma biyu ne manya, takwas ƙanana ne irin na N100. Na ga laftof mai N100 da ram 8GB da ma'adana mai sauri irin SSD a hannun wani malamin Islamiyya da ke shirya jarrabawar ɗalibansa da ita, har da rubutun Larabci, ban ga abin kushewa ba.

Sai gidan Core. Harafin U yana nufin wajen wat 15, kuma shi ne ke cikin yawancin na hannu da ake kawo mana daga Kano da Legas: HP EliteBook 820 da 830, Dell Latitude masu inci 12 da 13, ThinkPad X250 da X260 da X280. Kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka ne da aka yi ritayarsu. A nan lambar farko da ke biye da i5 ko i7 ita ce abin dubawa, don ita ke nuna zubi. Har zuwa zubi na 7, i5 da i7 masu U kai biyu ne kacal. Daga i5-8250U, wadda ta fito a 2017, aka koma huɗu. Shi ya sa i5 ta zubi na 8 ta fi i7 ta zubi na 6 ko 7 nesa ba kusa ba, ko da yake a kasuwa wani lokaci i7 ɗin ce ake tsuga wa kuɗi saboda sunanta.

Wani abu ya ƙara wa zubi na 8 daraja. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, jerin furosesa da Windows 11 ta amince da su kuma daga zubi na 8 ya fara, in ban da 'yan ƙalilan. Abin haushin shi ne N4020 tana cikin jerin, i7-6600U da ta ninka ta ƙarfi ba ta ciki. Masu gyara suna da hanyar ɗora Windows 11 a kan tsofaffin ta bayan gida, kuma tana aiki, ni ma akwai wadda na yi wa haka a shago. Amma wanda zai sayi kwamfutar da zai yi shekara huɗu ko biyar da ita a makaranta, gara ya fara da wadda ba ta buƙatar dabara.

Harafin da ya fi cin mutane shi ne Y. Ƙanin wani abokina ya shigo shago da wata siririya mai kyan gaske, fuskarta na juyawa har baya, yana ta murmushi. Ya ce, "Malam, i7 ce fa, kuma a farashin i5 na same ta." Da na duba sai na ga i7-7Y75. Tarihinta shi ne a 2014 Intel ta fito da Core M, mai wat 4.5, don kwamfutocin da ba su da fanka sam, irin MacBook mai inci 12 ta 2015. Aka yi m3 da m5 da m7. Da aka zo zubi na 7 sai aka sauya wa m5 da m7 suna suka koma i5 da i7, aka bar Y ɗin a tsakiyar lamba inda ba kowa zai lura ba. Wannan i7 ɗin kai biyu ce, gudunta na zama 1.3GHz, tana iya tsalle zuwa 3.6GHz na ɗan lokaci. Buɗe shafi, buɗe takarda, duk cikin ƙiftawar ido. Amma shi zanen gini yake karanta, kuma da ya ɗora mata aikin da ke ɗaukar mintuna, sai ta yi zafi ta ja da baya. Na ce masa kwamfutar ba ta da laifi, ta ɗan jarida ce ko mai yawan tafiya, ba ta mai zane ba. Bai ji daɗi ba, ya dai yi shiru.

AMD ma, abokiyar hamayyar Intel wajen ƙera furosesa, haka take da nata gidajen. A 2011 ta fito da E-350 da C-50, kuma a lokacin sun kunyata Atom a wajen bidiyo, don ɓangaren hotonsu na Radeon ne. Daga baya sai aka yi ta jan layin har ya tsufa: E1-2100 mai gudu 1GHz, da E1-6010. Abin da ke ba ni takaici da su shi ne an zuba su a manyan laftof masu inci 15, mutum ya ga ƙatuwar kwamfuta ya ɗauka ƙarfinta ya kai girmanta. Duk inda na ga E1 ko E2, ba na ƙara tambayar komai. Athlon Silver 3050U kuwa wani gida ne daban, jininsu ɗaya da Ryzen, ko da yake kai biyu ce. Ryzen 3 7320U ta ƙarshen 2022 kai huɗu ce, batirinta na jimawa, sai dai zanen cikinta na 2019 ne duk da lambar 7 da ke gaba, ram ɗinta kuma a liƙe yake.

To, duk wannan a takarda ne. Mu a Katsina akwai abubuwa uku da masu zana waɗannan kaya ba su zauna da su ba: zafin bazara, ƙurar hunturu, da wutar da ba ta da alƙawari. Wat ɗin nan da ake rubutawa ba ainihin wutar da kwamfuta ke sha ba ne, kimanin zafin da dole a fitar daga jikin furosesa ne. Mai wat 6 za a iya barinta ba fanka, faifan ƙarfe kawai ya ishe ta. Mai wat 15 sai da fanka. A watan Afrilu, ƙarfe biyu na rana, a ɗaki mai rufin kwano, marar fanka ba ta da inda za ta kai zafinta, don iskar ɗakin ma zafi gare ta. Sai ta rage gudu don ta ceci kanta, kuma ita da ma can ba gudun kirki gare ta ba. Mai fanka ta fi jurewa. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu sai lissafin ya juye: fanka tana zuƙar ƙura tana tarawa a bakin ƙarfen sanyaya har ya toshe kamar an liƙa auduga. Na shago duk bayan hunturu nake buɗe su in hure, in canza man da ke kan furosesa. Wanda ba zai iya wannan ba, kuma ba zai kai wa mai gyara ba, marar fanka ta fi masa kwanciyar hankali. Ba ƙara, ba abin da zai toshe.

Maganar batir kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu son N suke da ita, ban kuma raina ta ba. Sabuwar laftof mai N da sabon batir za ta iya kai ɗalibi tun daga laccar safe har la'asar. Ta hannu mai i5 ta riga ta yi shekaru a wani ofis, batirinta ya sha jiki, wata ko awa biyu ba ta kaiwa. Sabon batir na kirki kuɗi ne, na jabu kuma sun cika kasuwa. Ga wadda ke kwana a hostel inda ake rububin soket, ko malamin da aka tura ƙauye wajen Batsari ko Mashi inda sai an kai wa mai caji, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wasu sababbin ma ana cajinsu ta USB-C, ƙaramar sola ko babban fawa bank ya ishe su. Saboda haka idan aikin karatu ne da rubutu da kallon darasi a YouTube, kuma wuta ce babbar matsala, ina cewa a nemi N100, in ba hali a sauko N5100 ko N4120. Bidiyo ba ya ba su wahala, don akwai wani sashe na musamman a cikinsu da ke warware shi ba tare da an dami kawunan ba. Idan kuwa akwai lissafi mai nauyi, ko zane, ko koyon rubuta manhaja, to i5 mai U daga zubi na 8, a ware kuɗin batir a gefe tun ranar saye.

Sau da yawa ma ba furosesar ce ke kashe ƙananan nan ba, abokan tafiyarta ne. Araha ba ta ado: inda aka sa N, yawanci a nan ake sa ram 4GB da aka liƙe da dalma a kan bod, ba ramin ƙari, da ma'adana irin eMMC mai 32GB ko 64GB, wadda kusan katin waya ce da aka manne a ciki. Windows 11 kanta 64GB take nema mafi ƙaranci. Mai 32GB kuwa, Windows na gama zama wuri ya ƙare, sabuntawa ta gagara. Kafin a biya kuɗi, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga Performance. A nan za a ga cikakken sunan furosesa, yawan kawunanta, yawan ram, da irin ma'adanar. Mai shagon da ya hana ka wannan dubawar ta minti ɗaya, ka yi masa sallama.

Saura Chromebook, da suka cika kasuwa kwanan nan, rarar makarantun Amurka, masu araha har mutum ya yi zargi. Wasu N3060 ko N3350 ko N4020 ne a ciki, wasu kuma ba Intel ba ne ba AMD ba, MediaTek ne ko Rockchip, dangin furosesar waya. Batirinsu na daɗewa ƙwarai, kuma a kan tsarinsu na ChromeOS suna da sauƙin jiki fiye da yadda za su yi da Windows. Masu Intel ɗin akan yi musu dabara a ɗora Windows, amma sau da yawa sai ka tarar sauti ba ya fita ko wasu maɓallai sun daina aiki, ga ma'adanar 16GB ko 32GB. Masu MediaTek da Rockchip kuwa Windows ba ta hawa kansu ta hanyar da za ta yi wa ɗalibi amfani. Wata gwaggona ta kusa saya wa autanta irin wannan don ya yi atisayen JAMB, alhali manhajar atisayen da makarantarsu ke ba su ta Windows ce. Na ce mata, "Gwaggo, a bari tukuna ya tambayo malaminsu ko akwai ta waya." Aka dace akwai, ya yi atisayensa a wayar yayarsa, kuɗin laftof ɗin kuma aka ajiye sai ya samu gurbi an ga kwas ɗin da aka ba shi.